Wata biyu da sa min da'ama, har yau mai ɗakina tana zaton aikin gwaiwa aka yi min

Direban Hanyar Madina ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan, ban taɓa tofa albarkacin bakina ba. Yau dai abin ya sha kaina. Ku yi haƙuri da tsawon maganar da kuma nauyinta, ba ni da wanda zan iya kallon idonsa in faɗa masa.

Shekarata 52, shekara 24 ke nan ina Jidda. Bas nake ja, ina kwasar masu umara daga filin jirgi zuwa Makka, wani lokaci har Madina. Ciwon suga ya kama ni tun ina ɗan 38. Wajen shekara shida da suka wuce na fara ganin canji a gabana. Da farko sai ya tashi ya kwanta ana tsakiyar abu, daga baya ko da asuba shiru. Ba abin da ban sha ba: maganin basir, maganin sanyi, garin da ake ƙullo mana a leda daga gida, har zumar nan ta 'yan ƙananan fakiti da ake zarowa daga ƙasan kanta. Wani ya ce ɗauri aka yi min, na sha rubutu wata biyu. Sai da aljihu ya gaji sannan na kai kaina wajen likitan mafitsara. Ƙwayar nan shuɗiya ta ƙarfin maza ta ɗauke ni kamar shekara ɗaya da rabi ta ajiye. Aka koma allurar da mutum ke yi wa kansa a gefen gaba, ita kuma hannuna rawa yake yi tun kafin in buɗe kwalin. Da aka yi hoton jijiyoyi, likita ya ce jinin da ke shiga kaɗan ne, wanda ya shiga kuma ba ya tsayawa. Ya ce abin da ya rage shi ne da'ama, wato na'urar da ake dasawa a cikin gaba don ya riƙa miƙewa.

Bai yarda ya taɓa ni nan take ba. Gwajin sugana na wata uku ya nuna 9.8, ya ce sai ya sauko ƙasa da 8.5 saboda tsoron ƙwayoyin cuta. Wata huɗu na yi ba shayi mai suga, ba burodin tamis da safe, shinkafa sai cikin tafin hannu. Ya dawo 7.6. Inshorar wajen aiki ta ce ba ta biyan irin wannan, sai na sa ƙanena ya sayar min da filina na Kano, na cika da abin da na tara. Riyal dubu 48 ya tashi.

Mai famfo aka sa min, wadda suke kira haidrolik: bututu biyu a cikin gaba, ɗan famfo kamar ƙaramin goro a jakar maraina, da 'yar jakar ruwan gishiri can cikin mara. In ka matsa famfon ruwan ya taho ya cika bututun, in ka gama ka danna wani wuri ya koma.

To ga inda gizo ke saƙa. Hajiya ba ta san komai ba. Ce mata na yi gwaiwa ce. Matar nan ita ta riƙa kama ni zuwa banɗaki a satin farko, ta yi min farfesun kaza, ta sa min matashi a ƙasan cinya. Yayanta ya zo dubiya daga Makka yana tsokanata wai gara da aka rage min kaya. Na yi dariya, amma wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Shekara 26 da aurenmu, 'ya'ya biyar. A shekarun nan shida ni nake roƙon a ba ni tafiyar dare zuwa Madina don kada mu kwana ɗaki ɗaya, in ina gida kuma in ce bayana na ciwo, in shimfiɗa a falo.

Sati biyu ke nan da likita ya ce na warke, zan iya kusantar iyali. Na kasa. Abu na farko, gani nake ya rage tsawo, ba kamar yadda na san kaina ba. Na biyu, ko na cika shi tam, kan yana nan da laushi, kuma ba ɗumi. Na uku, famfon nan tauri gare shi, in na matsa sai ya suɓuce, ga zafi. Shin haka abin yake ko an yi min kuskure? Sannan wanda ya bi ta wannan hanya, don Allah ta yaya ya buɗe baki ya faɗa wa matarsa?

Tsohon Misfala ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam Direba. Sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne. Na girme ka da shekara 11, kuma tawa ta shiga shekara ta huɗu, don haka zauna ka ji.

Ni ba suga ba ne, aikin ƙabar mafitsara aka yi min, wadda likitoci ke kira prostate, aka cire ta gaba ɗaya saboda daji, jijiyoyin wurin suka tafi tare da ita. Duk abu ukun da ka lissafa na gan su, babu wanda ya nuna an yi maka kuskure.

Maganar famfo ita ce mai sauƙi. A wata biyu wurin bai gama saki ba, ita ma robar sabuwa ce. Abin da ya taimake ni: in yi wanka da ruwan ɗumi tukuna, fata ta saki, sannan in sa hannun hagu in riƙe saman famfon wajen da bututu ya fito don kada ya gudu, in matsa da babban yatsa da manuni na dama. Matsa ɗaya mai ƙarfi, ka jira ya cika da kansa, ka sake. Kada ka yi ta ƙwanƙwasa shi da sauri kamar mai hura tayar keke. Wurin sakin ruwan ne ya fi ba ni wahala, na yi kwana uku ina lalube. Akwai daren da na cika shi na kasa sakewa, ga kiran sallar asuba ana yi a Harami, ni kuma ina tsaye a banɗaki gumi na keto min. A gida na yi sallar ranar. Washegari na koma wajen likita, ya ɗora yatsana a kan wurin, ya ba ni irin famfon na gwaji in riƙe a hannu in ga siffarsa. Tun daga ranar ban sake ɓata ba. Ka nemi ya nuna maka wannan na gwajin, suna da shi a durowa. Yanzu ko cikin duhu, kafin a karanta Fatiha na gama.

Likitana ya sa ni in riƙa cika ta kullum in bar ta na ɗan lokaci ko da ba abin da za a yi, don naman wurin ya saba ya buɗe. Ka tambayi naka minti nawa yake so, kowa da tsarinsa.

Tsawo kuwa, gaskiya ɗaya ce, ba za ka koma ɗan shekara 30 ba. Gaban da ya yi shekaru ba ya cika da jini yana tsukewa, shi kuma likita gwargwadon abin da ya tarar yake aunawa ya sa. Ba a sa da'ama don ƙarin girma. Ni na fi wata shida ina jin haushin wannan, har da awo da ɗan zare kamar tela. Sai wata rana uwargida ta ce min, Alhaji, wai kai wa ya kawo maka ƙara ne? Daga nan na jefar da zaren.

Ka ga na ce uwargida ta yi magana, don ni da ita muka je asibitin tun ranar farko. Ba jarumta ba ce, ciwon daji ne ya riga ya tona asirin, ba abin ɓoyewa. Amma ina gaya maka, famfon nan ba ya ɓuya ga matar da ke kwana da kai. Hannunta zai kai wurin. Gara ta ji daga bakinka da ta tsinta da kanta cikin dare ta firgita.

Tunda tuƙi kake yi, ka samu ɗan matashi mai laushi da kamfai mai riƙe kaya. Jidda zuwa Madina ya haura kilomita 400, ba ƙaramin zama ba ne a kan sabon ɗinki.

Abu Hafsa ya amsa:

Ni dai ban gane ba. Mutum ya sayar da fili don a cusa masa roba? Wannan ba canza halittar Allah ba ne? Shekara 52 ai haƙuri ya kamata, ga 'ya'ya Allah ya ba ka.

Ɗalibi a Madina ya amsa:

Malam Abu Hafsa, a yi hattara da saurin hukunci. Wanda aka sa wa ƙarfe a ƙafa bayan karaya ko aka sa wa gilashin ido bayan cire yana, ba a cewa ya canza halitta, mayar da abin da cuta ta ɗauke ne. Hadisin da ya ce bayin Allah su nemi magani sananne ne, Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito shi. Kuma haƙurin da kake cewa ba nasa ba ne shi kaɗai, akwai haƙƙin matar. Malaman fiƙihu sun buɗe babi guda a kan mijin da ya kasa kusantar iyalinsa, har an ruwaito Sayyidina Umar yana ba irinsa wa'adin shekara ɗaya. Da abin wasa ne da ba su tsaya a kansa ba. Baba Direba, abin da zan ce kawai shi ne maganar gwaiwar nan a gyara ta, ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ɗan Mai Wurno ya amsa:

Salam. Ni daga Sudan nake, asalinmu Mai Wurno kusa da Sinnar, yanzu ina zaune a Gadarif. Tawa ba mai famfo ba ce, mai lanƙwasa ce, wadda Larabawa ke ce wa marina. Sanda biyu ne kawai a ciki, ka miƙar in kana buƙata, ka lanƙwasa ƙasa in ka gama. A Alƙahira aka sa min, shekara biyar ke nan. Kuɗinta bai kai rabin na mai famfo ba, amma ba kuɗin kaɗai na duba ba. Na tambayi kaina, in wannan injin ya lalace ina ƙauye, wa zai gyara? Da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, asibitocin Khartum suka rufe ɗaya bayan ɗaya, na gode wa Allah da zaɓin da na yi. Ba na buƙatar kowa.

Aibinta shi ne ba ta kwanciya gaba ɗaya, kullum tana nan da ɗan tauri. A cikin jallabiya mai faɗi da wando a ciki babu wanda zai sani. Inda na sha wuya shi ne umara. Ka san cikin harami ba kamfai, ba wando, zani biyu ne kawai. Tun daga miƙati hankalina bai kwanta ba. Sai na samu tawul mai kauri, na ninka gaban sau biyu, na ɗaure da bel ɗin kuɗi mai faɗi, na sauko da jakar bel ɗin daidai wurin. Haka na yi ɗawafi da sa'ayi, ina addu'a ina duba ƙasa. Kai da kake Makka kullum da masu umara, mai famfo ce daidai da kai, ka sake ruwa ka ɗaura haraminka ba ruwanka.

Maganar kai mai laushi, ni ma haka. Sandar ba ta shiga cikin kan, a bayansa take tsayawa. In sha'awa ta motsa sosai yana ɗan cika da kansa. Shi ya sa wasa kafin kwanciya bai zama tsohon yayi ba don an sa da'ama.

Nas ɗin Riyad ya amsa:

Sannu Baba. Ina aiki a ɓangaren mafitsara, ba likita ba ne ni, kuma ban duba ka ba, don haka maganar likitanka ita ce gaba. Amma akwai abin da nake so ka riƙe saboda sugarka.

Babban abin tsoro a wannan aiki shi ne ƙwayar cuta ta kama na'urar. A aikin farko abin bai cika wuce mutum ɗaya zuwa uku cikin ɗari ba, amma masu suga sun fi shiga haɗari, kuma yana iya fitowa bayan watanni, ba lallai a satin farko ba. Zafin matsa famfo daban, zafin da ke ƙaruwa kullum daban. In ka ga zazzaɓi, ko wurin ya yi ja ya kumbura, ko ruwa ko mugunya na fita, ko famfon ya manne da fata ba ya motsi, kada ka tsaya sayen magani a kemis, ka tafi asibiti a ranar. Kada kuma ka ce an gama aiki bari in koma wa kabsa da shayi. Wancan 7.6 ɗin ka riƙe shi.

Da'ama tauri kawai take bayarwa. Sha'awa, jin daɗi da fitar maniyyi suna nan yadda suke kafin aikin, ba ta ƙara ba ta ragewa. Wanda yake haihuwa zai ci gaba da haihuwa. Wasu likitoci suna ba da ƙwayar nan don kan ya ɗan ƙara cika, amma kada ka saya da kanka, musamman in kana shan maganin ciwon ƙirji irin wanda ake sawa a ƙasan harshe, haɗa su yana faɗar da jini ƙasa warwas. Ita ma zumar da ka ambata, hukumomin magunguna sun sha gano sinadarin ƙwayoyin nan a cikin irinta ba tare da an rubuta a jiki ba.

Katin da aka ba ka mai lambar na'urar, ka sa shi tare da iƙamarka. Duk ranar da za a sa maka robar fitsari, ko a yi maka aiki a mara, ko a shigar da kai injin hoton nan mai maganaɗisu, ka faɗa tun kafin a fara. Kuma ka sani na'ura ce, tana tsufa. Da yawa suna kai shekara 10 zuwa 15, in ta lalace sai a sake aiki a canza. Ba sabon abu ba ne, tun 1973 wani likita a Amurka mai suna Brantley Scott ya fito da mai famfon, ana ta gyara ta har yau.

Abu na ƙarshe: an duba zuciyarka kuwa? Jijiyoyin gaba sun fi na zuciya siranta, su suke fara toshewa. Mai suga da gabansa ya mutu ya kamata likitan zuciya ya gan shi, balle wanda ke ɗauke da mutum 50 a bas.

Maman Bilal ta amsa:

Ku yi haƙuri, mace ce ta shigo zauren maza. Mijina ba a yi masa wannan aiki ba, amma mun yi shekara huɗu a irin halin da Alhaji Direba ya faɗa, don haka na san ɗaya ɓangaren gadon.

Alhaji, kana zaton Hajiya ba ta san komai ba? Ta san gabanka ya samu matsala tun kafin ka je wajen mai rubutu. Abin da ba ta sani ba shi ne dalilin gudunta da kake yi. Ni a lokacin ba abin da ban saƙa ba. Na ce na tsufa, na ce warin jiki nake, na ce wata ya ajiye a wani wuri. Kuɗin da na kashe a turaren wuta da humra da kayan mata Allah kaɗai ya sani, shi kuma yana falo ya juya baya. Da ya ce min ba shi da lafiya da na huta da duk wannan.

Kuma ka shirya, ba robar ce za ta ɓata mata rai ba. Filin ne. Da wahalar jinyar da ta yi a kan ciwon da ba shi ba ne. Kada ka faɗa mata a kan gado, kada ka haɗa faɗar da neman wani abu a daren. Ka faɗa da rana tsaka yara ba sa nan, ka bar ta ta yi fushinta.

Tunda an ce abin ba ya kwanciya sai an sake shi, ka tuna ita ma ba yarinya ba ce, ga an daɗe ba a taɓa ta ba. Mace in ta manyanta wurin yana bushewa. Ka sayi man da ake sayarwa don haka a kemis, ka bi a hankali, in ta ce ya isa to ya isa.

Direban Hanyar Madina ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, har da Malam Abu Hafsa. Kwana tara ke nan, ga yadda aka yi.

Ranar Juma'a bayan an sauko, yara sun tafi gidan kawunsu, na ɗauko katin nan da takardar asibiti na ajiye a gabanta tana tsince shinkafa. Na fara tun daga shekara shida baya. Ba ta ɗago kai ba har na kai ƙarshe. Da na zo kan fili sai hannunta ya tsaya. Ta ce, wanda muka ce za mu gina wa Ummi ɗaki a ciki in mun koma? Na ce shi. Ta tashi ta shiga kicin, na ji ta kunna famfo ta bar shi yana zuba.

Maman Bilal, kamar kina ɗakin. Kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa mu, abinci kuma ana ajiye min a rufe. A na huɗu ina shirin fita aiki ta ce, tafiyar Madinar da kake ta karɓa da daddare, dama ni kake gudu? Na ce kunya nake gudu. Ta ce ita shekara biyu ta yi tana bincika aljihuna da wayata tana neman sunan mace. Ban san wannan ba sai ranar.

Har yanzu ba abin da ya shiga tsakaninmu, amma na kwashe shimfiɗata daga falo. Shekaranjiya ta ce in nuna mata inda famfon yake. Ta taɓa, ta janye hannu da sauri, ta ce ashe dai da gaske goro ne. Dabarar ruwan ɗumi da hannu biyu ta yi aiki Alhaji, yanzu ba ya suɓuce min, zafin ma ya ragu.

Ranar Talata ina da ganin likita, ta ce da ita za a je, tana da tambayoyinta da ba za ta faɗa min ba. Na kuma karɓi takardar zuwa wajen likitan zuciya. Abin da ban sani ba shi ne me zan ce wa yayanta, don jiya ma ya kira yana tambayar ya gwaiwa.